Yadda za ka ba mutum waƙa kuma ya saurara da gaske

Har yanzu akwai wani jerin waƙoƙi 43 a wayata, wanda na taɓa haɗa wa wani abokina. Dare biyu na kwashe ina tsara shi, in ɗaga wannan sama, in mayar da waccan ƙarshe. Da na tura masa sai ya amsa da ɗan hoton babban yatsa, shi ke nan. Bayan wata uku muna cikin motarsa, sai waƙa ta bakwai a jerin nan ta taso a rediyo. Ya ƙara murya, ya juyo ya ce, "Kai, ka san wannan kuwa? Ka neme ta, za ta yi maka." Na ce masa to. Tun daga ranar na daina ba mutane waƙa da buhu, na koma lura da abin da ke sa mutum ya danna abin da aka turo masa da abin da ke sa ya wuce. Ga abin da na tara.

Fara da leƙa abin da kake ji da gaske

In aka tambayi mutum me yake sauraro kwanan nan, yawanci abin da yake so a san shi da shi yake faɗa. Ni ma haka nake yi. Zan ambaci wani tsohon kundi mai wuyar sha'ani, alhali waƙar da na maimaita sau ashirin a makon wata 'yar waƙar soyayya ce mai amshi ɗaya tal. Don haka kafin ka buɗe baki, buɗe tarihin sauraronka. Kusan kowace manhajar kiɗa tana ajiye shi. A Spotify akwai jerin da suke kira On Repeat, mai tattara waƙoƙin da ka fi maimaitawa cikin kwana 30 da suka wuce. YouTube na da shafin tarihi. Masu son lissafi dalla-dalla kuma suna haɗa manhajarsu da Last.fm, wanda ke wannan aikin tun 2002: yana rubuta waƙa ne idan ka ji rabinta ko ka kai minti huɗu a cikinta, duk wanda ya riga zuwa.

Na fi son wannan ƙa'idar a kan ta Spotify, inda daƙiƙa 30 ta isa a ƙirga an saurari waƙa. Daƙiƙa 30 ai ko gaisawa da waƙar ba ku gama ba.

Akwai kuma hotunan ƙarshen shekara da kowa ke liƙawa, irin Wrapped da Spotify ya fara fitarwa a 2016, da makamantansa na Apple Music da YouTube Music. Suna da daɗin kallo, amma kar ka ɗauke su kamar shaidar kotu. A wata shekara abin da ya zo na ɗaya a nawa ƙarar ruwan sama ce da nake kunnawa in yi barci, na biyu kuma waƙar yara da 'yar ƙanwata ta mamaye wayata da ita duk lokacin da suka zo. In kana ba wani wayarka, ko kana kunna abin da ba ka so ya shiga lissafi, akwai saitin sauraron sirri, ka kunna shi. Ni dai abin da ya fi yi mini amfani wani ɗan rubutu ne a wayata: rana, sunan waƙa, da abin da nake yi lokacin da ta kama ni. "Talata, ina wanke-wanke, na tsaya da kwano a hannu." Wannan layin ya fi duk wani jadawali gaya mini wace waƙa ce ta cancanci in ba wani.

Tunda maganar abin da ake ji kwanan nan ce, bari in faɗi nawa. Da safe piyano zalla, ba murya, domin in akwai kalmomi ba na iya karatu. A hanya kuma wasu tsofaffin waƙoƙi na shekarun 1970 masu ƙaho da ganguna, waɗanda gabatarwarsu kaɗai kan ci minti uku kafin mawaƙi ya ce uffan. Da dare wata mawaƙiya ce ita da jitarta kawai, cikin harshen da ba na ji. Ita ce ta fi kama ni, kuma ita ce na fi jin tsoron bai wa kowa.

Bar waƙar ta kwana bakwai

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Waƙar da ta ɗauke ka yau, ka riƙe ta mako guda. Da yawa za su sace jiki su fice kafin kwana uku, ka ji ma kana mamakin abin da ka gani a jikinsu. Wadda ta rage ita ce ta turawa.

Amma akwai tarko a nan, kuma shi ne ginshiƙin duk wannan magana. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi, inda ya riƙa nuna wa mutane kalmomi marasa ma'ana da wasu alamomi masu kama da rubutun Sin da hotunan fuskoki. Ya gano cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa. Duk mai jin rediyo ya san haka a jikinsa: waƙar da ta ba ka haushi ranar farko, bayan sati biyu sai ka tsinci bakinka yana rera ta a banɗaki. To kai da ka ji waƙarka sau arba'in, ka san inda ganga za ta shigo, kana jiran wurin da muryar za ta karye, jikinka na amsawa tun kafin a iso. Wanda za ka tura wa kuwa bai san komai ba. Shi baƙo ne a gidan da kai ka san inda kowane makunnin fitila yake. Yana jin minti ɗaya na farko, bai ga abin da ya sa ka rikice ba, sai ya rufe. Ba laifinsa ba ne. Aikinka shi ne ka rage masa wannan tazarar, kuma kusan duk abin da zan faɗa daga nan dabarun yin hakan ne.

Mutum ɗaya, waƙa ɗaya

Waƙar da aka jefa a zauren WhatsApp mai mutum tamanin ba ta kowa ba ce. Kowa zai ɗauka da wani ake. Haka ma wadda aka ɗora a sitatus: tana sanar da mutane halin da kake ciki, amma da wuya wani ya je ya nemo ta. In kana so a saurara, zaɓi mutum, ka kira sunansa.

Kuma kar ka tambaye shi wane irin kiɗa yake so. Amsar kowa ɗaya ce: "Ni komai ina ji." Ce masa ya gaya maka waƙoƙi uku na ƙarshe da ya kunna da hannunsa. Ka je ka saurare su, ka nemo abin da ya haɗa su. Sau da yawa ba nau'in kiɗan ba ne. Ƙanwata ta ba ni uku da ba su da wata alaƙa a ido, ɗaya sabuwa, ɗaya ta girme ta, ɗaya daga fim. Da na ji su a jere sai na gane dukkansu akwai 'yan amshi masu yawa da ke karɓa wa mai bayarwa. Abin da kunnenta ke nema ke nan. Wani kuma kalmomi yake bi, in baiti bai zauna ba ko kiɗan ya kai me ba ruwansa. Wani ganga kawai yake ji, ka tambaye shi me aka ce a waƙar bai sani ba. Wani muryar da ta ɗan dishe yake so. Idan ka gano wannan zaren, sai ka ba shi waƙar da ke ɗauke da shi, amma ta ɗan matsa gaba da inda ya saba, taku ɗaya kawai. Mai jin waƙoƙin minti uku kar ka fara masa da ta minti goma sha takwas, ko da ita ce ka fi so a duniya.

Abin da za ka rubuta tare da ita

Linki tsirara, ba ko kalma, shi ne abin da aka fi yin watsi da shi. Na biye masa shi ne linki mai ɗauke da "wannan ta haɗu". Duka biyun ba su ba mutum dalilin barin abin da yake yi ba. Ga irin saƙon da na tura wa ƙanwar tawa:

"Na tuna da ke saboda 'yan amshin. Farkon yana da ɗan ja, ki yi haƙuri da shi. A minti 1:35 duk kayan kiɗan za su yi shiru a bar muryoyi kawai, nan nake so ki ji. Ki sa iyafis."

Layi uku ne, amma kowanne da aikinsa. Na gaya mata me ya sa ita. Na faɗi aibin waƙar da bakina, don kar ta ci karo da shi ta gudu. Na nuna mata ƙofa. Wannan nuna wurin shi ne dabarar da ta fi kowace yi mini aiki, domin yana ba baƙo abin da mai gida ke da shi, wato wani abin jira. A YouTube kana iya sa waƙar ta fara daga wurin kai tsaye: a kwamfuta akwai ɗan akwatin da za ka danna a wajen rabawa, ko kuma ka ƙara ?t=95 a ƙarshen gajeren linkin, wato daƙiƙa 95, daidai da minti 1:35. In linkin ya riga yana da alamar tambaya a ciki, sai ka rubuta &t=95. Sai dai ni ba kullum nake yin haka ba. Wasu waƙoƙin daɗin wurin yana cikin doguwar hanyar da aka bi kafin a iso shi, in ka jefa mutum tsakiya ka ɓata masa. A irin waɗannan lambar kawai nake rubutawa, ya iso da ƙafarsa.

Ka guji zuzutawa. In ka ce ita ce waƙa mafi kyau da aka taɓa yi, ka mayar da mai sauraro alƙali, zai zauna yana neman inda ka yi ƙarya.

Maganar iyafis kuma ba iyayi ba ce. Lasifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Waƙar da aka gina a kan babbar ganga ko jita mai kaurin murya, in aka kunna ta a lasifikar waya rabinta ya tafi, sai ƙwarangwal. Na taɓa yin musu da wani a kan wata waƙa har ranmu ya soma ɓaci, daga baya na gano shi a bakin titi ya ji ta, waya a tafin hannu. Ashe ba waƙa ɗaya muke magana a kai ba. Lokaci ma haka: in ta dare ce, ka ce ta dare ce, ka kuma tura ta da dare.

Linki ko fayil

Kullum ka rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da haruffa, ko da ka sa linki. Ba kowa ke amfani da manhajar da kake amfani da ita ba. Kai kana Spotify, shi yana Audiomack ko Boomplay ko Apple Music, linkinka zai kai shi shafin da ke cewa ya yi rajista, daga nan an rabu. Akwai shafin song.link da ke karɓar linki ɗaya ya fitar da na sauran manhajojin a wuri guda. In ba ka son wannan wahalar, YouTube kusan kowa na iya buɗewa. Ka kuma fayyace wace siga kake nufi, domin waƙa ɗaya kan zo da ta situdiyo, da ta gaban jama'a, da wadda wani ya ƙara wa sauri don bidiyon TikTok. Sau biyu ana gaya mini ba a so waƙar da na bayar ba, ashe wata sigar aka ji.

Tura fayil ɗin kansa ya fi sauƙi ga mai ƙarancin data, gaskiya ne. MP3 mai matsakaicin inganci, 128 kbps, kusan megabait ɗaya yake ci a minti, waƙar minti huɗu ba ta wuce megabait huɗu ba. Amma duk sauraron da aka yi ta fayil ba ya shiga lissafin mawaƙin. Ga babban tauraro wannan ba komai ba ne. Ga ƙaramin mawaƙi kuwa da bambanci, musamman tun 2024 da Spotify ya sa ƙa'idar cewa sai waƙa ta samu sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu kafin ta fara kawo kuɗi. In wanda kake tallatawa bai yi suna ba, tura linkin shafinsa na ainihi.

Karanta baitocin tukuna

Wannan da kunya na koye shi. Akwai wata waƙa mai sanyi cikin harshen da ba na ji, na ɗauka ta kewar gida ce, don haka take sauka a kunnena. Na tura wa babban yayana da dogon bayani a kan yadda take kwantar da hankali. Shi kuwa ya taɓa zama a ƙasar da ake wannan harshen. Washegari ya kira ni.

"Kai, ka san abin da yarinyar nan take faɗa?"

"A'a Yaya, muryar ce ta yi mini."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To ka nemi fassara. Kuma kar ka tura wa Anti."

Na nema. Ba zan maimaita a nan ba. Yanzu kafin in ba wanda ya girme ni waƙa, ko wanda ba mu saba sosai ba, sai na karanta baitocin, in baƙon harshe ne in nemi fassararsu. Ba batsa kaɗai ake dubawa ba. Waƙar rabuwa ga wanda aurensa ke tangal-tangal, ko ta mutuwar uwa ga wanda bai daɗe da rasa tasa ba, tana iya zama magani, tana iya zama fami. In za ka tura irin wannan, gaya masa abin da ke ciki, ya zaɓi ranar da zai buɗe. Waƙar soyayya kuma, ka sani duk wanda ka tura wa zai tambayi kansa ko saƙo ne. In ba saƙo ba ne, faɗi.

Bayan ka tura, ja bakinka

Kar ka bi shi da "ka ji?" bayan awa ɗaya. Ba shi kwana uku, ka tuna masa sau ɗaya, ka bari. Mafi muni shi ne ka kunna wa mutum waƙa kuna tare, ka tsura masa ido kana jiran fuskarsa ta canza, kana cewa "tsaya, yanzu za a zo wurin", kana kuma bin mawaƙin da taka muryar. Na yi wa mutane haka, an yi mini, ba wanda ya ji daɗi. In kuna tare ne, kunna ta ƙasa-ƙasa kuna wata hira. In ta kama shi da kansa zai tambaya.

Kuma abin ba da hannu ɗaya ake yin sa ba. Wanda bai taɓa sauraron abin da aka ba shi ba, nan da nan ake daina buɗe nasa. Ƙa'idata ita ce duk waƙar da aka turo mini sai na ji ta sau biyu, a ranaku daban, kafin in ce komai, saboda wancan dalilin na baƙo da mai gida. Sannan in amsa da wani abu takamaimai: sarewar da ta shigo a baiti na biyu ta yi mini, amshin ne ya yi mini yawa. Ko ban so ta ba, wannan amsar ta fi "ta yi kyau" daraja, domin ta nuna na ji, ta kuma nuna masa inda kunnena yake don gaba. In ka yi ƙaryar kana so, ka jawo wa kanka guda goma irinta.

In dole sai jeri

Wani lokaci mutum da kansa zai ce ka haɗa masa. To ka ari horon kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma wanda ake kira C60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, C90 kuma 45. Mai haɗa wa wani kaset dole ya zaɓa, domin zaren zai ƙare. Manhajojin yanzu ba su da ƙarshe, shi ya sa muke zuba 43. Ka yanka wa kanka gefe ɗaya na C60: minti 30, waƙa bakwai ko takwas. Ta farko ta zama wadda ta fi kusa da abin da ya saba, mai wuyar ka ɓoye ta a ta biyar, lokacin da ya riga ya amince da kai. Kar mawaƙi ɗaya ya fito sau biyu. Ka ce masa ya kashe maɓallin cakuɗawa, in ba haka ba duk tsarin ya tashi a banza.

Manhajoji ma suna yin nasu. Tun 2015 Spotify ke ba kowa waƙa 30 duk ranar Litinin a jerin Discover Weekly, a 2021 kuma ya kawo Blend mai gauraya abin da mutum biyu ke ji. Ina amfani da su wajen farauta, kamar yadda nake amfani da manhajar Shazam don gano sunan waƙa in na ji ta a wani wuri, ko binciken Google da tun 2020 za ka yi masa gunjin karin waƙa na 'yan daƙiƙu ya nemo maka sunanta. Suna kawo kaya da yawa, wani lokaci har da na kirki. Abin da ba sa iyawa shi ne su ce maka "na tuna da kai saboda kaza".

Shi wancan abokin nawa na mota, yanzu waƙa ɗaya muke musaya duk mako, ba ƙari. Ta wannan makon da ya turo, goge ne da muryar wani dattijo, ya rubuta "2:10" kawai a ƙasa. Na ji ta shekaranjiya ban ga komai ba. Jiya da dare na sake sa ta da iyafis, a daidai wurin sai na ji dattijon ya ja numfashi kafin ya shiga baitin, ba su goge shi ba a situdiyo. Ban amsa masa ba tukuna, ina so in ƙara ji sau ɗaya.